Sankarar Baki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Haɗarin Kamuwa da Ita

Baki yana cikin 'yan wuraren da mutum zai iya leƙawa da idonsa ya ga abin da ke faruwa a jikinsa, ba sai an yi hoto ko an ɗebi jini ba. Duk da haka, masu sankarar baki da yawa ba sa isa gaban likita sai ciwon ya ci ƙarfinsu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki a wannan shekara kaɗai, kuma kusan 188,000 sun rasu a dalilinta. Mafi yawan abubuwan da ke haddasa ta kuwa abubuwa ne da mutum ke kai wa bakinsa da hannunsa, kullum, shekara da shekaru.

Mece ce sankarar baki, kuma a ina take fitowa?

Cikin baki shimfiɗe yake da wata siririyar fata mai danshi. Ƙwayoyin halittar wannan fata suna mutuwa suna sabuntawa ba dare ba rana. Idan wani abu ya daɗe yana lalata tsarin da ke sarrafa rabuwarsu, wata rana sai wasunsu su fara hayayyafa ba linzami, su ci naman da ke kusa da su, daga nan su bi hanyoyin kaluluwa su sauka wuya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar baki daga wannan fatar take farawa.

Ta fi son gefen harshe da ƙarƙashinsa, sai cikin kumatu, dasashi, ganda da leɓen ƙasa. Akwai kuma wadda ke fitowa can ciki, a gindin harshe da 'yan wuya, wato mashigar maƙogwaro. Likitoci kan ware wannan daban domin sanadinta yakan bambanta, amma ga mai son kare kansa duk tafiyar ɗaya ce.

Me ya fi jawo ta?

Taba ce kan gaba, nesa ba kusa ba. Sai giya, sai tauna ƙwallon areka a ƙasashen da ake yin haka, sai ƙwayar cutar HPV, sai zafin rana ga leɓe.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Mutane sun saba danganta sigari da huhu, sun manta cewa kafin hayaƙin ya kai huhu sai ya ratsa leɓe, harshe da maƙogwaro, da zafinsa da komai. Wani kaso na gubar yana narkewa a cikin yawu, ya taru a ƙarƙashin harshe inda fatar ta fi laushi, shi ya sa ciwon ke yawan ɓulla a wurin. Sigari, lofe, taba mai kauri da ake naɗawa da ganye, duk haka suke. Mai cewa shi ba ya zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji, a baki kawai yake riƙe shi ya fesar, wataƙila ya ɗan rage wa huhunsa aiki, amma bakin ya sha duka.

Akwai misali mai ban mamaki daga wasu yankunan jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda wasu ke shan taba a juye, wato ɓangaren da ke ci da wuta shi ne a cikin baki. A wurinsu sankarar ganda ta yi yawa, alhali a sauran duniya ba kasafai take fitowa a ganda ba. Inda gubar ta fi zama, nan ciwon ke tsirowa.

Ni ba na shan sigari, garin taba nake sa wa a baki. Ai wannan da sauƙi, ko?

Babu sauƙi a ciki. Tabar da ba a kunnawa, ko ta tauna ce, ko wadda ake cusawa tsakanin leɓe da dasashi, ko ta shaƙa, tana ɗauke da aƙalla sinadarai 28 masu haddasa sankara. Mafi muni a cikinsu su ne dangin nitrosamin, waɗanda ke samuwa lokacin da ake busar da ganyen da ajiye shi. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya wannan taba a rukuni na 1, rukunin abubuwan da babu sauran shakka suna jawo wa ɗan Adam sankara.

Illar ta musamman ita ce daɗewar da take yi a wuri guda. Sigari minti kaɗan ne ya ƙare, amma mai garin taba yakan ajiye shi a kusurwa ɗaya ta bakinsa na tsawon lokaci, sau da yawa a rana, wani ma har ya yi barci da shi. Idan ka ɗaga leɓen irin wannan mutum za ka ga fatar wurin ta yi fari ta tattare, dasashin ya ja baya. Ƙarfin gubar ya danganta da yadda aka sarrafa tabar. Tumbak na ƙasar Sudan, wanda ake haɗawa da sinadari mai kama da kanwa, yana cikin waɗanda aka auna aka samu nitrosamin mafi yawa a cikinsu. Irin wannan sinadari da ake ƙara wa taba don ta yi “ƙarfi” yana sa nikotin, wato sinadarin da ke sa jiki ya kamu da son taba, ya fi saurin shiga jini, ya kuma sa barin ta ya fi wuya.

Shisha fa? An ce ruwan yana tace hayaƙin.

Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi. Sanyin nan da ƙamshin 'ya'yan itace su ne ma ke sa mutum ya yi ta zuƙa mai zurfi ba tare da tari ya tsayar da shi ba. Zama ɗaya na shisha yakan kai awa guda, kuma hayaƙin da ake zuƙa a ciki ya ninka na karan sigari ɗaya sau da yawa ƙwarai. Ga kuma hayaƙin gawayin da ake ɗorawa a kai, wanda ke da tasa gubar.

Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, saboda haka gubar da ke tururinsa ba ta kai ta sigari ba. Amma akwai nikotin, akwai kuma sinadarai masu ƙona fatar baki. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da dalilin fara shi. Wanda kuma yake haɗa shi da sigari, yau wannan gobe wancan, bai fita daga haɗari ba.

Yaya giya ke shiga cikin maganar?

Ta hanya biyu. Idan barasa ta shiga baki, jiki da ƙwayoyin cutar da ke zaune a cikin baki suna juya ta zuwa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta kai tsaye. Na biyu, barasa tana sa fatar baki ta fi saurin tsotse duk gubar da ta taɓa ta. Saboda haka idan taba da giya suka haɗu a baki ɗaya, haɗarin ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi. Wanda ya yi nisa a duka biyun, haɗarinsa yakan kai ninki 30 na wanda ba ya taɓa ko ɗaya.

Nau'in giyar ba shi ne abin dubawa ba, yawan barasar da ke ciki ne. Mai tsada da mai araha, ta kwalba da ta gida, duk ɗaya. IARC ta sanya barasa a rukuni na 1 tun 1988, kuma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadi na giya da za a kira marar illa ga lafiya.

Mene ne ƙwallon areka da ake yawan ambata?

'Ya'yan wata bishiya ce dangin kwakwa, da ake taunawa a Indiya, Pakistan, Bangaladash, Siri Lanka, Taiwan da Papuwa Sabuwar Gini. Akan naɗe shi a cikin ganyen betel tare da farar ƙasa, wani lokaci a ƙara taba. Ɗaruruwan miliyoyin mutane ne ke taunarsa, kuma shi ya sa sankarar baki take cikin waɗanda suka fi kashe maza a kudancin Asiya. Ko babu taba a ciki, IARC ta tabbatar yana haddasa sankara. Yana kuma jawo wata cuta da ke sa naman cikin kumatu ya ƙandare, har mutum ya kasa buɗe baki sosai.

Abin lura shi ne yanzu ana ƙulla shi a 'yan ƙananan ledoji masu ƙyalli, a sa masa zaƙi da ƙamshi, a sayar a ƙasashen da ba a san shi ba da sunan abin gyara warin baki. Kafin ka tauna irin waɗannan, karanta abin da aka rubuta a jiki. Idan ka ga areka, supari, gutka ko pan masala, ajiye shi.

Na shafe shekaru ina shan taba. Bari yanzu zai yi wani amfani kuwa?

Zai yi, kuma da sauri fiye da yadda ake zato. Fatar baki tana sabunta kanta cikin makonni, kuma da zarar gubar ta daina zuwa, jiki yana fara share ƙwayoyin da suka lalace. Cikin shekara 5 zuwa 10 da bari, ƙarin haɗarin sankarar baki da maƙogwaro yana raguwa da rabi. Bayan shekara 20, yana komawa kusa da na wanda bai taɓa sha ba. Haka abin yake ga giya da areka: tsawon lokacin da aka yi da bari, gwargwadon raguwar haɗarin.

Ragewa fa? Ta fi ci gaba da sha kamar da, amma kada ta zama wurin zama. Bincike ya nuna cewa a sankarar baki, yawan shekarun da aka yi ana sha ya fi yawan karan da ake sha a rana tasiri. Kara uku a rana na tsawon shekara talatin ba abin rainawa ba ne.

Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana da ya shahara a nazarin halayyar ɗan Adam, an gano sankara a gandarsa da muƙamuƙinsa a 1923. An yi masa tiyata fiye da sau 30 a cikin shekara 16, ya rayu da wani ƙarfe da roba a baki wanda ke hana shi ci da magana cikin daɗi, amma bai iya rabuwa da tabarsa ba har ya rasu a Landan a 1939. Ilimi bai ishe shi ba. Nikotin ba ya jin wa'azi, shi ya sa mai son bari yake buƙatar dabara da taimako.

To yaya ake bari?

Ka sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau, ka faɗa wa mutanen da kake tare da su. Ka kawar da taba, ashana da duk abin da ke tuna maka ita. Ka lura da lokutan da hannu ke kai wa gare ta da kansa: bayan cin abinci, lokacin ɓacin rai, zaman hira da masu sha. Kowane ɗaya ka tanadar masa abin da za ka yi a madadinsa. Ƙishin taba idan ya taso mintuna kaɗan yake yi ya lafa, ko an sha ko ba a sha ba. Makon farko shi ne mai wuya, da saurin fushi da rashin barci da ciwon kai. Daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yana sassautawa.

Akwai magunguna, kuma neman su ba gazawa ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan taimaka wa manya su bar taba, inda ta ambaci nikotin na magani, wato cingam ko filastar da ake mannawa a fata, da kuma ƙwayoyin bareniklin, bupropiyon da sitisin. Haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowanne shi kaɗai aiki. Ƙwayoyin nan ba na saye a sha kai tsaye ba ne, sai likita ya duba ka. Idan kuma aka koma bayan an bari, a sake sa wata rana. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada ba a karon farko suka yi nasara ba.

Gargaɗi ɗaya game da giya: wanda jikinsa ya saba da ita sosai, har hannunsa ke rawa idan bai sha ba, kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai. Hakan na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa. A yi shi ƙarƙashin kulawar likita.

Wace alaƙa ce tsakanin HPV da baki? Na ɗauka ta bakin mahaifa ce.

Ita ce dai. HPV dangi ne babba na ƙwayoyin cuta, kuma nau'i na 16, wanda ya fi jawo sankarar bakin mahaifa, shi ne ke jawo ta gindin harshe da 'yan wuya. Yana kaiwa can ta hanyar saduwa, musamman idan baki ya taɓa al'aura. Mafi yawan mutanen da suka kamu ba sa ma sani, garkuwar jikinsu tana kawar da shi cikin shekara ɗaya ko biyu. A wurin kaɗan ne yake maƙalewa, ya yi shiru na shekaru masu yawa kafin ya zama ciwo.

A Amurka kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mashigar maƙogwaro HPV ne sanadinta, kuma maza sun fi mata kamuwa. Sau da yawa masu ita ba su taɓa shan taba ba, kuma abin da ke fara kai su asibiti shi ne ƙullutu a wuya marar zafi. Wannan nau'in ya fi wanda taba ta jawo jin magani. Kuma samunsa ba hujja ba ce ta zargi tsakanin ma'aurata, domin ƙwayar na iya kasancewa a jiki tun shekaru ashirin ko talatin da suka wuce.

Allurar rigakafin HPV tana kare baki?

Tana hana kamuwa da nau'in 16 da 18, kuma an ga tana rage samun ƙwayar a cikin baki ƙwarai. An fara amfani da ita a 2006. Ta fi aiki idan an yi ta kafin a fara saduwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi mayar da hankali kan 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma tun 2022 ta amince cewa allura ɗaya na iya wadatarwa a wannan shekarun. Wasu ƙasashe sun haɗa da yara maza: Ostareliya a 2013, Birtaniya a 2019. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar HPV mai suna Gardasil 9 domin rigakafin sankarar mashigar maƙogwaro. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, ba ta kuma kare kowa daga illar taba.

Rana ma tana jawo ta?

Ga leɓen ƙasa, e. Masu aikin da ke yini a fili, masu hasken fata, da zabiya su ne a sahun gaba. Hula mai faɗin baki da man leɓe mai kariyar rana, wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, suna ba da kariya. Leɓen da ya daɗe yana ɓarewa ko yana yin ɓawo a wuri ɗaya, a nuna wa likita.

Ba na shan taba, ba na shan giya. Na tsira kenan?

Haɗarinka ya yi ƙasa sosai, amma bai zama sifili ba. Akwai waɗanda ke kamuwa ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, har da matasa da mata, kuma galibi a gefen harshe. Masu raunin garkuwar jiki, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko masu ɗauke da HIV, suna buƙatar ƙarin lura. Shekaru ma suna da tasiri, domin ta fi yawa daga shekara 50 zuwa sama. Matsalar wanda ba ya shan komai ita ce shi da mai duba shi duka ba sa kawo sankara a ransu, sai a yi ta maganin wani abu daban lokaci yana tafiya.

Waɗanne alamomi ne ya kamata su tayar min da hankali?

Gyambo ko rauni a baki da ya kai mako uku bai warke ba. Farin tabo da ba ya gogewa idan an goge shi. Jan tabo mai santsi, wanda ya fi farin tabon haɗari duk da bai kai shi yawa ba. Kumburi ko tauri a harshe, kumatu ko leɓe. Ƙullutu a wuya da ya ƙi sauka. Haƙori da ya fara girgiɗa ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa. Leɓe ko harshe ya mutu, ya daina jin taɓawa. Wahalar haɗiya, dishewar murya da ta daɗe, ko ciwon kunne ɗaya alhali an duba kunnen lafiya lau.

Babban tarkon shi ne rashin zafi. A farkonta sankarar baki sau da yawa ba ta ciwo ko kaɗan, mutum yana ci yana sha yana hira. Mun saba auna girman ciwo da zafinsa, sai a ce tunda ba ya damuna bari in ƙyale shi. A nan akasin haka ne: ƙurjin da ke hana ka cin abinci don raɗaɗi galibi shi ne marar haɗari, wanda ya zauna shiru yana faɗaɗa kuwa shi ne abin tsoro. Lokacin da zafi zai zo, ciwon ya riga ya kai ga jijiya ko ƙashi.

Yaya zan bambanta ta da ƙurajen baki na yau da kullum?

Ƙurjin baki da aka saba yana da zafi tun ranar farko, ƙarami ne, zagayayye, mai laushi, kuma yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya dawo, sau da yawa a wani wurin yake fitowa. Na sankara yana nan a wuri ɗaya, bakinsa a tashe, gindinsa da tauri idan an taɓa, yana iya zubar da jini da an ɗan goge shi. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, ko idon likita ne. Ma'aunin da kowa zai iya riƙewa shi ne lokaci: mako uku. Ka rubuta ranar da ka fara ganinsa, ko ka ɗauki hotonsa da waya, domin ƙwaƙwalwa tana yaudara a irin wannan lissafi. Idan wa'adin ya cika, kada a sake sayen wani maganin shafawa ko na kurkura, kada a sake wani zagayen maganin kashe ƙwayoyin cuta. A je a nuna.

Zan iya duba bakina da kaina?

Sosai. Sau ɗaya a wata, da madubi da haske mai kyau, bayan an wanke hannu. Mai haƙoran roba ya cire su tukuna. Ka ja leɓen sama da na ƙasa ka duba cikinsu da dasashi. Ka ja kumatu gefe ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga kai ka duba ganda. Ka zaro harshe, ka riƙe bakinsa da tsumma mai tsabta, ka karkata shi hagu da dama har ka ga can bayan gefensa, domin nan ne wurin da aka fi tsallakewa. Ka ɗaga shi sama ka duba ƙarƙashi, ka shafa da yatsa ko za ka ji tauri. Daga ƙarshe ka shafa wuya ta gefe biyu da ƙarƙashin haɓa. Minti biyu ya isa. Amfanin maimaitawa shi ne ka san yadda bakinka yake a lokacin lafiya, yadda baƙon abu ba zai ɓoye maka ba.

Akwai shaidar cewa irin wannan dubawa tana ceton rai?

Akwai. A jihar Kerala ta Indiya an yi wani babban gwaji daga 1996, da mutane kusan 190,000. An horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suna bi gida gida suna leƙa bakin mutane da haske, su tura wanda suka ga abin shakka asibiti. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu shan taba ko giya. Babu na'ura mai tsada a cikin aikin. Saboda haka duk mai shan ɗayan waɗannan, ko wanda ya taɓa sha ya bari, ya kamata likitan haƙori ko ma'aikacin lafiya ya duba masa baki gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da haƙoransa ba sa ciwo, ko da ma babu haƙori ko ɗaya a bakin. Idan ka je cire haƙori ko wanke shi, ka roƙa a duba har harshe da wuya.

Rashin tsabtar baki ko karyayyen haƙori na iya jawo ta?

Ana yawan samun ciwon dasashi da rashin kula da baki a tsakanin masu wannan cuta, amma tasirinsu bai kama ƙafar na taba da giya ba. Goge baki sau biyu a rana da man da ke da fulorayid abu ne mai kyau a karan kansa. Haƙori mai kaifi da ke yankar harshe, ko haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, a gyara su. Dalili mafi ƙarfi shi ne suna ɓoye gaskiya: mutum ya ga gyambo ya ce ai haƙorin nan ne. Idan an gyara haƙorin, gyambon ya kamata ya warke cikin mako biyu. In bai warke ba, to ba haƙorin ba ne.

Abinci fa? Akwai abin da zan ci ya kare ni?

Masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi ƙarancin kamuwa, wannan an daɗe ana ganinsa. Amma babu abincin da ke wanke illar taba, kuma ƙwayoyin bitamin ba sa maye gurbin abinci. A wani gwaji da aka yi a Finlan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, an ba masu shan sigari ƙwayar beta karotin da fatan ta kare su, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu.

Ana ɗaukar ta daga wani? Ana gadon ta?

Sankara ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko shan ruwa a kofi ɗaya, ko jinyar mai ita. Babu dalilin ƙyamar marar lafiya. Gado kuma rawarsa kaɗan ce, in ban da wasu cututtuka da ba kasafai ake samu ba, kamar ciwon ƙarancin jini na Fankoni. Abin da ya fi bin gida shi ne ɗabi'a: yaron da ya tashi yana ganin ana shan taba ya fi saurin ɗauka.

An ce idan aka yanki naman don gwaji, ciwon zai bazu. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan tsoro ya jawo wa mutane da yawa asarar watannin da suka fi kowane lokaci daraja. Ana kashe wurin da allura, a ɗebi ɗan nama da bai wuce ƙwayar hatsi ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, mutum ya koma gida a ranar. Da wannan ne kaɗai ake sanin ko sankara ce, ko tabon da zai iya zama ita nan gaba, ko wani abu ne daban, kuma sau da yawa wani abu ne daban. Abin da ke sa a ga kamar gwajin ne ya tayar da ciwo shi ne an zo a makare, ciwon dama yana kan gudu.

Idan an gano ta da wuri, ana warkewa?

Ana warkewa. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan an kama ta tana wurin da ta fara, fiye da mutum 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ta riga ta kai sassan jiki masu nisa, adadin yana faɗowa zuwa 4 cikin 10 ko ƙasa da haka. Bambancin bai tsaya ga rai ba. Ƙaramin ciwo ƙaramar tiyata yake buƙata, mutum ya ci gaba da magana da cin abinci kamar da. Babba kuwa yakan ci wani sashe na harshe ko muƙamuƙi, a haɗa da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, sannan a shiga koyon haɗiya da magana daga farko.

An taɓa cire min farin tabo, ko an yi min maganin sankarar baki na warke. Me ya rage min?

Ci gaba da zuwa a duba ka, ko kana jin garau. Hayaƙi da barasa ba wuri ɗaya suka taɓa ba, duk fatar baki da maƙogwaro sun jiƙa, saboda haka sabon ciwo na iya tsirowa a wani gefen da ba a taɓa yi wa aiki ba. Likitoci sun lura da wannan tun 1953. A shekara biyu na farko ne ciwon ya fi dawowa, shi ya sa ake kiran mutum akai-akai a lokacin, daga baya a riƙa tsawaita tazarar. Wanda ya ci gaba da shan taba lokacin gashi, maganin ba ya kama shi yadda ya kamata, raunin tiyata ma yana jinkirin warkewa. Gashi kuma yana busar da yawu, haƙora su fara ruɓewa da sauri, don haka a ga likitan haƙori kafin a fara shi, a kuma sanar da shi tarihin gashin kafin ya cire kowane haƙori daga baya, domin ƙashin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi. Idan wani sabon tabo, kumburi ko ciwo ya ɓullo tsakanin ranakun ganin likita, kai ba ka cikin masu jiran mako uku: ka koma asibitin da ke kula da kai a cikin makon.